Sarkin Teku a Kan Yashi

Gerlof ya ƙudura cewa da tukunyar miya da ƙafafun ƙarfe biyu zai ci gurbi na uku, kuma bai ɓoye wa kowa ba. A ɗakin wankin tashar jiragen ruwa ya fara sanar da mu, wata Talata da hantsi, yana jingine da injin busar da kaya, kansa ɗauke da hular kyaftin mai zaren zinariya, irin wadda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido.

"Maƙwabta," in ji shi, "ranar Asabar ta ƙarshen wata kowa ya bar girki. Zan kai ku tudun yashi mu sauka, in ciyar da ku, in kuma nuna muku yadda ake ajiye jirgi mai zurfi a kan tudu. Bayan nan kowa ya zaɓi wanda zuciyarsa ta ba shi."

Renske tana ninke zannuwan gado, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka kai mu? Gerlof, shekara goma sha tara ina zuwa tudun nan. Karena ma ya san hanya."

"Zuwa daban, sani daban, maƙwabciya."

"Gaskiyarka. Kai ba ka je ba, ba ka sani ba, ka huta."

Mu goma sha huɗu ne muke zaune a jiragenmu a wannan tasha. Da bazara kowa ya ɗaga ƙyallen jirginsa ya bi iska, wani ya yi Denmark, wani Ingila. Da kaka a dawo a ɗaure, a nan ne ake sanin darajar gurbi. Na uku yana bayan katangar dutse, inda iskar arewa maso yamma ba ta isa, taku ashirin daga famfo da banɗaki mai ruwan zafi. Mai shi ya tsufa ya koma wurin 'yarsa a cikin gari. Al'adarmu kuwa, idan gurbi ya faɗi, a taru a ɗakin wanki ranar Asabar ta farko a watan Oktoba, a ɗaga hannu. Mutum biyu suka nema: Renske, wadda mijinta ya rasu ya bar mata jirgi mai faɗi mai shimfiɗaɗɗen gindi, da kuma Gerlof.

Shekara talatin Gerlof ya yi yana sayar da kafet a Apeldoorn, inda ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na bahon wanka. Da ya yi ritaya ya sayar da gida, ya sayi jirgi, ya raɗa masa suna Zeekoning, wato Sarkin Teku. Bai cika wata guda a cikinmu ba ya fara gyara wa mutane ƙullin igiya. Ya ce ya taɓa ratsa tekun Biscay cikin guguwa. Da aka matsa wa matarsa Hiske da tambaya, ta ce ƙwarai ya ratsa, a jirgin fasinja, kuma a kwance ya yi tafiyar, da bokiti a gefensa.

Sanyin bara a gurbin ƙarshe suka yi shi, can bakin tasha, inda sabon zuwa yake farawa. Wata huɗu jirgin yana rawa. Raɓa tana ɗiga daga rufi a kan bargo, fumfuna ta cinye littattafan Hiske da takalmanta, ga taku ɗari uku a kan gadar katako mai ƙanƙara kafin a kai banɗaki. A watan Janairu ta zame ta karye a wuyan hannu. A gabana ta faɗa masa, ina taya ta ɗaura majanyi:

"Gerlof, na bar gidana da lambuna na biyo ka, ban yi ƙorafi ba. Amma ba zan ƙara yin sanyi ko ɗaya a gurbin can ba. In ba ka samu na uku ba, ka nemi mai zama da kai."

Hiske ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa duk muka ɗauki maganar da nauyi. Shi kuwa dafa kafaɗarta ya yi ya ce, "Ki sa a ranki kin riga kin tare."

Jiragen da ke sauka kan yashi masu shimfiɗaɗɗen gindi ne, ruwa na janyewa su zauna daram kamar akushi. Zeekoning ba haka yake ba. Yana da doguwar wuƙar ƙarfe a ƙarƙashinsa, ta kusa tsawon mutum, ita ke hana shi kifewa cikin iska. Irinsa in ruwa ya janye kwanciya yake yi. Akwai ƙafafun da maƙera ke yi wa irin waɗannan jirage, masu faɗin tafi, amma Gerlof ya ce na ragwaye ne. Ya je ya samo bututun ƙarfe biyu daga wurin magina. Ƙafar hagu ya ɗaura mata katakon da Hiske ke yanka burodi a kai, ta dama ya ɗaura mata murfin tukunya. Kwana uku yana buge-buge a kan gada, ba mai iya barcin rana.

A rana ta uku Kawu Wiebe ya tsaya a kansa. Shi ne dattijon tashar, tsohon masunci, shekararsa saba'in da takwas, kuma ba ya magana sai ya cire lofe daga bakinsa.

"Wace rana ka ce?"

"Asabar mai zuwa, Kawu."

"Ka duba littafin cika da janyewar ruwa?"

"Na duba mana. Cikar da ta fi kowace a shekarar nan. Ai shi ya sa na zaɓe ta."

"Ai ni ma shi ya sa nake tambaya. Ga iskar yamma kwana uku tana turo ruwa a kai. Ka bari ya fara janyewa da awa biyu kafin ka taɓa ƙasa. Wanda ya hau tudu a ganiyar cika, sai cikar da ta fi ta ce za ta sauke shi."

Gerlof ya yi murmushi irin na mai haƙuri da tsofaffi. "Kawu, littafi na masu koyo ne. Ni a gwiwata nake jin ruwa."

"Ni ma ina ji a tawa," in ji Kawu Wiebe. "Likita ya ce sanyin ƙashi ne." Ya mayar da lofensa ya wuce.

Ranar Asabar jirage shida muka fita da sassafe. Gari ya yi kyau, iska tana daga yamma. Da muka kai gefen tudun muka saki anka kamar yadda aka saba, kowa ya ɗora kofi yana jiran ruwa ya fara sauka. Sai ga Zeekoning ya taho daga baya, ƙyallayensa duka a sama, ya ratsa ta tsakiyarmu har igiyar ruwansa ta zubar wa mutane da kofi. Gerlof yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kaɗa mana hula. Hiske tana gaba da doguwar sanda tana auna zurfi.

"Mita biyu da rabi!" in ji ta.

"Madalla!"

"Mita biyu! Gerlof, mita biyu!"

"Ci gaba da ƙirga, uwargida!"

Ba ta samu ta ƙara ba. Jirgin ya tsaya cak, amma hular ba ta tsaya ba, ta yi gaba ita kaɗai ta faɗa ruwa. Shi ma ya ɓace daga bayan sitiyari na ɗan lokaci. Can sai rediyon oba-oba da ke cikin kowane jirgi ya yi ƙara.

"Zeekoning ke magana. Na iso daidai inda na nufa. Matsorata su biyo baya in sun shirya."

Kawu Wiebe yana jirgin da ke kusa da nawa. Ya duba agogo, ya juya mini fuskarsa in gani. Bakwai da minti arba'in. Ko da Gerlof ya yi shekara yana lissafi ba zai dace da ganiyar cikar fiye da haka ba.

Gaskiya ɗaya ce, da ruwa ya janye jirgin ya tsaya. Mun sauka da takalman roba da kujerun ninkewa, muka taka rabin kilomita a kan yashi, muka tarar da shi tsaye can sama kamar zalɓe mai ƙafa uku. Gerlof ya jingina tsani, ya ce kowa ya hau a ci abinci a sama. Ba wanda ya motsa.

"Haba maƙwabta, tsoron me?"

"Ba tsoro ba ne," in ji Renske. "Ina son in mutu da yunwa ne a ƙasa."

Muka jera kujeru a kan yashi, nesa kaɗan. Hiske ta sauko da kek ɗin tuffa a hannu, ta ajiye shi a cinyata, ta zauna kusa da ni. Ta riga ta san mijinta. Shi kuwa ya fito da babbar tukunyar miyar wake, mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki, ya ɗora a kan teburin waje, ya ɗauki ludayi ya tsaya a gefen dama don ya fi kusa da mu. Ya ce kafin a ci zai ɗan yi magana.

Ya fara daga kakanninsa, waɗanda a cewarsa duk mutanen teku ne. Ya gangaro kan Biscay. Ya ce tasha kamar jirgi take, tana bukatar gogaggen mutum a tsakiyarta, ba a gefe ba. Ya ce akwai masu shekaru a ruwa da ba su taɓa ƙirƙiro komai ba. Da ya zo kan ƙafafun, sai ya ce bari ya nuna mana ƙarfinsu, ya yi tsalle sau biyu a kan bene.

Murfin tukunyar yana bakin wani ɗan kwari ne mai laka. Ba mu ji ƙara ba. Ƙafar dai ta fara gajarta a hankali, kamar ana zuƙe ta daga ƙasa.

"Gerlof," in ji Renske, "ko idona ne, ko kuwa jirginka yana durƙusa mana."

"Yana daidaita zamansa ne. Duk jirgin kirki haka yake yi. Kamar yadda nake cewa, gurbi na uku..."

"Yana kan daidaitawa."

Ya kama igiyar sandan jirgi da hannu ɗaya ya ci gaba da jawabi a karkace. Daga ciki muka fara jin farantai suna sauka, ɗaya bayan ɗaya, kowane da tasa muryar. Hiske tana ƙirgawa a hankali. "Na uwata ne wannan," ta ce mini. Sai kofuna. Sai wani abu mai nauyi da ta ce injin ɗinki ne. Tukunyar miya ta taho daga can ƙarshen tebur, ba gaggawa, ta wuce gaban mai ita, ya kai mata ludayi bai same ta ba, ta tsallake gefen jirgi ta kife a kan yashi. Jirgin ya ƙarasa kwanciya da wani dogon nishi, ƙafar hagu ta miƙe sama da katakon burodi a bakinta. Gerlof ya sulalo ta kan bene ya sauka a zaune tsakiyar miyar.

Karen Renske ne kaɗai ya amsa gayyatar cin abincin.

"Da gangan na yi," in ji Gerlof yana share gemu. "Ina son in wanke gindinsa ta wancan gefen."

"Ka fara da naka," in ji Renske.

Muka ci burodi da cuku da kek ɗin Hiske. Wajen tsakar rana iska ta mutu. Da ta dawo, daga gabas ta dawo. Kawu Wiebe ya dubi tutar jirginsa can nesa, ya cire lofe, ya fasa magana, ya mayar. Iskar gabas korar ruwa take yi daga tekun nan, kowa a cikinmu ya sani, ban da mutum ɗaya.

Da la'asar ruwa ya kawo. Kafin ƙarfe shida duk jiragenmu suna yawo a kan anka. Zeekoning ya ɗago a hankali, ya kusa miƙewa, amma wuƙarsa tana kafe a yashi. Gerlof ya tayar da inji ya ba shi wuta gaba, ya ba shi baya, hayaƙi ya turnuƙe, laka ta tashi, ko taƙi bai motsa ba. Jirgin Renske ne kaɗai zai iya matsawa kusa, saboda ruwa kaɗan ya ishe shi. Ta matsa har suna jin juna ba rediyo.

"Maƙwabci, jefo mini igiya daga kan sandanka. In na ja ka ta gefe wuƙar za ta ɗago, ka sulale. Rabin awa muke da shi."

"Na gode, ba na bukata."

"Gerlof, jefa mata," in ji Hiske.

"Saura mako guda a ɗaga hannu, in bari ita ta ja ni a gaban mutane? Me za su ce?"

"Sun riga sun ga miyar."

"Ruwana yana zuwa. Ina jin sa."

"Wanda kake ji tafiya yake yi," in ji Kawu Wiebe ta rediyo. "Ka karɓi igiya, ɗana."

"Gara in kwana a nan!"

"To ai za ka kwana," in ji Renske.

Taƙi ɗaya ya rage ruwan ya ɗaga shi. Ya tsaya a nan kamar yana shawara, sannan ya juya. Da Hiske ta ga haka sai ta shiga ciki, ta fito da jaka ɗaya, ta tsallaka jirgin Renske.

"Ina za ki?"

"Inda gado yake a ƙasa, ba a bango ba."

"Kyaftin ba ya barin jirginsa!"

"Ai ni ba kyaftin ba ce."

Muka ɗaga ƙyalle muka dawo gida, rana tana faɗuwa a bayanmu, Sarkin Teku yana sake kwanciya.

Kawu Wiebe ya buɗe littafin ya lissafa mana: kwana goma sha biyu kafin cika mai ƙarfi ta dawo, shi ma in iska ta koma yamma. Kullum ruwan sai ya tsaya nesa da inda ya tsaya jiya. Ko jirgin ceto ba shi da hanyar isa wurin. An ce wa Gerlof ya kulle jirgin ya taho, ba mai sace shi. Ya ce mutanen teku ba sa gudu. Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne, amma kwandon bai yarda ba.

Kowace safiya ƙarfe takwas yana kira, mu kuma duk muna karin kumallo da rediyo a kunne.

"Zeekoning ke magana. Komai lafiya. Ina nazarin tsuntsaye."

Sauran labarin daga Kawu Wiebe muke ji, don shi ke kai masa burodi da ruwan sha a ƙaramin kwalekwalensa, ya ƙarasa da ƙafa. A jikin bango Gerlof yake kwana. Buta ba ta zama a kan murhu, sai ya riƙe ta da hannu har ta tafasa. Banɗakin jirgi ba ya aiki sai jirgi na kan ruwa, don haka ya koma wa tsohon abokinsa na Biscay.

Ranar Lahadi ya fara haƙa rami daga jirgin zuwa mashigar ruwa, da abin kwashe shara. Ya haƙa taku talatin, ruwa ya zo ya shafe. Ya sake, ruwa ya sake. Ranar Litinin ya tara duk jarkokin da ke jirgin, da balan-balan ɗin da ake ratayawa a gefe, ya ɗaure su a jikin wuƙar don su ɗaga shi, da irin ƙullin da ya yi ta koya mana. Washegari suka fara isowa tasha ɗaya-ɗaya, kowane da sunan Zeekoning a jikinsa. Renske ta tsamo su ta jera a bakin gurbinsa.

"Ma'aikatan sun dawo," in ji ta. "Saura maigida."

Ranar Laraba aka wuni ana ruwan sama. Ƙofar jirgi in jirgi na tsaye ƙofa ce, in yana kwance kuwa mazurari ce. Da safe muryarsa ta zo a dishe, ya ce yana gwajin yadda jirgi ke tara ruwan sha a lokacin wahala. Ranar Alhamis mai gadin tsuntsaye ya tako har wurin da takarda a hannu, ya ce doka ba ta yarda jirgi ya daɗe haka a tudun ba, ya ɗauke shi. Gerlof ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan, ya miƙa masa abin kwashe shara.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne jirgin fito. Sau huɗu a rana yake wucewa zuwa tsibiri, kuma hanyarsa ta bi ta gefen tudun. Ranar farko mutum biyar suka leƙo. Zuwa Juma'a sai direban ya roƙi fasinja ta lasifika kada su taru a gefe ɗaya. Duk sanda ya ji ƙahon jirgin sai Gerlof ya ɗauki goga ya hau goge gindin Zeekoning, don a ga aiki ya kawo shi. Kawu Wiebe ya ce gefen nan ya yi ƙyallin da har fenti ya fara fita.

Asabar ta zo. Ƙarfe goma na safe muka taru a ɗakin wanki, mu goma sha uku. Ni aka ɗora wa ƙirga hannu, kamar kowace shekara. Gerlof ya aiko cewa ba za a yi babu shi ba, don haka Kawu Wiebe ya kawo rediyon hannu ya ɗora a kan injin wanki. Al'ada ce kowane mai nema ya yi magana. Renske ta miƙe.

"Kun san ni," in ji ta, ta zauna.

Gerlof ya karɓa. Ya ce abin da muka gani a makon nan shi ne juriyar ɗan teku. Ya ce shi kaɗai ne a tashar ya san tudun nan ciki da waje. Ya ce ƙafafun ba su da laifi, lakar ce ba ta da inganci. Ya ce ya yafe wa waɗanda suka gudu suka bar shi. Ya kai minti goma bai numfasa ba, ya manta cewa layin ba namu ba ne mu kaɗai. Da ya saki maɓalli don ya haɗiyi yawu, wata murya ta shigo.

"Zeekoning, jirgin fito ke magana. Ka ɗan sauka daga layi, akwai masu aiki. Kuma fasinjojina suna tambaya ko kana nan gobe, wasu suna son su zo da iyalansu."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Mu mutane ne masu kamun kai. Kawu Wiebe dai ya fita ya yi tari ya dawo.

Na ce, "Masu son Gerlof." Hannun Kawu Wiebe ya ɗan tashi, kowa ya juya.

"Kunne nake susa, Marrit, kada ki ƙirga."

"Masu son Renske."

Hannaye suka tashi. Hiske tana zaune a ƙarshen benci, tana kallon wuyan hannunta da ya taɓa karyewa. Shi ta ɗaga, a ƙarshen kowa.

Rediyo ya yi ƙara. "Marrit, nawa ne?"

"Goma sha uku."

"Allah sarki, maƙwabta! Na san ba za ku ba ni kunya ba. Ina son in fara gode wa..."

"Na Renske ne, Gerlof."

Ana jin kukan tsuntsayen teku ta cikin rediyon.

"Ai mu goma sha huɗu ne," in ji shi a hankali. "Ni ina nan. In an cire ni... Hiske tana wurin?"

Hiske ta tashi ta ɗauki rediyon. "Ina ji."

"Ke ma kin ɗaga?"

"Na ɗaga."

"Hiske, ki yi haƙuri tukuna. Kada ki koma gari. Zan toshe rufin, zan sayo abin ɗumama ɗaki, zan riƙa raka ki banɗaki da tocila. Ai kin saba da ruwa yanzu."

Karo na farko ke nan da na ji ya yi magana kamar mutum, kuma duk tekun yana saurare.

"Wa ya ce maka zan koma gari? Ban taɓa gajiya da ruwa ba. Renske tana da ɗaki a gaban jirginta, da murhun itace. A gurbi na uku zan yi sanyin bana, kamar yadda ka yi mini alkawari."

"To ni fa?"

"Ranar Lahadi kana iya zuwa shan kofi, in ka goge ƙafa."

"Hiske, ni ne fa mijinki! Wa zai zauna da ni a can bakin tasha?"

"Ka sauko tukuna, Gerlof," in ji ta. "Sai a san inda za a ajiye ka."

Ta miƙa wa Kawu Wiebe rediyonsa, ta buɗe injin busar da kaya, ta fara ninke zannuwan gadon Renske.